Hujin Da Yaya Nata'ala Ya Liƙe

Ranar da Raudatu ta bugo waya daga Kunci, ina tsugune a tsakar gida ina jiran koko ya huce. Ta ce mahaifinta, wato Kawu Mati, ya kwanta, kuma tun jiya ba sunan da yake kira sai na yayarsa, Innarmu Jumma.

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabon da Inna ta yi magana da ƙanen nata. Ɗorawa ce ta haɗa su. Tana tsakiyar gonar gadonsu, tsohuwarsu ta yi shekaru tana daddawa da kalwarta, shi kuwa Kawu ya wayi gari ya sayar wa masu gawayi, bai ce wa yayarsa ko uffan ba. Inna ta je Kunci, ta tsaya a kan kututturen, ta ce masa ba ta yafe ba duniya da lahira, ta juyo. Yanzu ciwo ya ci ƙarfinsa, kuma abin da yake roƙo ɗaya ne: ta zo ta janye wannan maganar kafin ya tafi.

Na miƙa wa Inna wayar, ta ture hannuna.

"Da bakina na faɗa a gabansa," in ji ta, "a gabansa zan janye. Ni ba na yafiya da roba a kunne."

Madalla. Sai a tafi Kunci ke nan. To amma Inna ba ta shiga kowace mota sai ta marigayi Baba. Bas tana sa ta amai, a-daidaita-sahu kuwa ta ce ita ba buhun masara ba ce. Motar Baba tsohuwar a-kori-kura ce mai kafireta, ta girmi 'ya'yana duka, kaɗan ya rage ta girmi matata. Tun rasuwar Baba makullinta yake aljihun Yaya Nata'ala saboda shi ne babba, kuma a gidanmu babba ya fi kowa sanin komai, tun daga ranar shuka har abin da ke cikin inji. Ni shekara ashirin da shida kacal na yi ina kanikanci a bakin tashar Minjibir, ka ga ai ban kai a tambaye ni ba.

Raudatu ta ce jikin da ɗan dama, yana shan kunu. Da jin haka Yaya ya yanke hukunci. An gama yankan gero yana kwance a gona, hadari bai gama sallama ba, a kwashe dammunan tukuna, Juma'a ta sama sai a tafi. Inna ba ta ce a'a ba. Ina jin ita ma tana bukatar 'yan kwanaki ta lallashi zuciyarta, don Inna ba ta iya saukowa da wuri ba.

Washegari, Alhamis da hantsi, Yaya ya buɗe bonet a ƙofar gida, 'yan majalisa suna zaune a kan dakali suna kallo. Ƙasan motar ya jiƙe, warin fetur ya cika wurin.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani, tunda shi ba yayana ba ne, wataƙila ya saurara. A irin waɗannan tsofaffin motoci, famfon da ke jawo fetur daga tanki zuwa kafireta a jikin inji yake ɗaure da noti biyu. Ba ruwansa da lantarki. Wani ɗan hannun ƙarfe gare shi da ke shiga cikin injin, injin na juyawa yana tura shi, shi kuma yana motsa wata faffaɗar roba a ciki, sama da ƙasa. A saman robar fetur ne. A ƙarƙashinta hanya ce da ta zarce har cikin baƙin mai. Waɗanda suka ƙera abin sun san roba tana tsufa, sai suka bar wani ɗan huji a gindin famfon, bai fi kan ashana ba. Ranar da robar ta tsage, fetur ya biyo ta hujin ya ɗigo ƙasa, mai mota ya gani ya san lokacin canji ya yi. Aikin hujin ke nan, ba shi da wani.

Ta nan motar Baba take ɗiga.

"Yaya, robar ciki ce ta tafi," na ce. "In na shiga Kano yau, gobe da safe na ɗaura sabo."

Ya ɗago ya dube ni, sannan ya dubi 'yan majalisa don ya tabbata kowa yana ji.

"Ku ji min bakanike. Ɗigo ɗaya, sai Kano. Shi ya sa ake gudun garejinku, mutum ya kawo muku tari ku ce sai an sauke inji. Ga inda yake zuba ina gani da idona. Huji ne. In tulu ya huje, me ake yi masa?"

"A liƙe," in ji Malam Habibullah mai injin niƙa, wanda ko keke bai taɓa tuƙawa ba.

"Ka ji ko? Kai je ka ji da baburanka, Muntaka. Wannan motar manya ce."

Aka yi dariya. Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Gaskiya ne yanzu babura da injinan ban ruwa na fi gyarawa, tunda motoci masu kafireta sun ƙare a titi. Amma sau biyu ina sauke injin motar nan in mayar Baba yana da rai, lokacin Yaya bai san ta ina ake zuba ruwan lagireto ba. Magana ɗaya ta rage in faɗa: in ka toshe hujin nan, fetur ɗin cikin baƙin mai zai koma. Tana kan harshena. Na haɗiye ta, na sunkuyar da kai na ce, "To, Yaya. Allah ya ba da sa'a." A garinmu ƙane ba ya gyara wa yayansa magana a gaban mutane, saboda haka kowa ya shaide ni da ladabi.

Yaya ya naɗe hannun riga ya shiga aiki. Ya aika aka karɓo sabulun wanki a cikin gida, ya murza shi ya yi laushi, ya cusa a hujin da tsinke har ya ƙi karɓa. Ya kwaɓa gam ɗin nan mai haɗi biyu ya shafe samansa. Da ya ga gam ya ragu, kuma almubazzaranci haramun ne, sai ya bi gindin famfon duka ya lafta, har notin biyu suka nutse. Sannan ya yanko tsohon tub ya naɗe wurin tamau kamar ƙafar da ɗan ɗori ya gama da ita. Da gam ya bushe ya shimfiɗa farar takarda a ƙasa, ya tayar da mota, ya harɗe hannu. Aka jira. Ko ɗigo.

"Tubarkalla," in ji 'yan majalisa.

"Nawa ne kuɗin motar zuwa Kano, Muntaka?" Yaya ya ce. "Ka sayi goro da su."

Motar ta shiga jigilar gero, sawu biyar sawu shida a rana, ana loda mata dammuna har ta durƙusa. A kwana na huɗu aka ga abin al'ajabi. Ita dai motar nan tun zamanin Baba mashayiyar baƙin mai ce, duk mako sai an ƙara mata. Ran nan Yaya ya zaro sandar gwaji ya ga mai ya wuce alama. Ya goge ya sake zurawa, ya ƙara ganin haka. Kafin azahar babu wanda bai ji ba a unguwa: motar marigayi ta daina shan mai, ta koma haihuwarsa.

"Albarkar Baba ce," in ji Yaya. "Mutumin da bai taɓa ɗaukar kayan haram a motarsa ba."

Malam Habibullah ya ce shi a ganinsa saboda an yi niyyar tafiyar zumunci da ita ne. Aka yi ta muhawara a kan wanne ne daidai, malamai biyu kowa da hujjarsa. Sannan Yaya ya miƙo min sandar har gaban hancina.

"Bakanike, me littafinku ya ce a kan wannan?"

Man yana gangarowa daga jikin sandar kamar ruwan shayi, ga warin fetur ko mai mura zai ji. Amma duk wanda ke wurin ya riga ya saba da warin fetur a jikin motar Baba, ba wanda ya kula.

"Ikon Allah, Yaya," na ce.

Da yake Yaya ba marowaci ba ne, bai ci albarkar shi kaɗai ba. Kullum da safe sai ya kwance notin ƙasa ya tsiyayi abin da ya ƙaru a kwalba, ya ba Malam Habibullah ya zuba a injin niƙa. Wato ɗan man kirkin da ya rage shi ake ragewa, fetur yana cike gurbinsa. Tanki kuwa ya koma ƙarewa da wuri, amma wannan ma Yaya ya gano dalili. 'Yan bumburutu ne suka lotsa gindin galan, ba tsoron Allah a ƙasar nan.

Ran Litinin na shiga Kano ba wanda ya sani. Na yi yawo a Ƙofar Ruwa har na samu sabon famfon a wani tsohon shago, a cikin kwalin da ɓera ya ci rabinsa. Na haɗa shi da sifanu, da ɗan giris a leda, da kwalin sukari, na zuba a jaka na rataye a bayan ƙofa. Baƙin mai ban saya ba, alhali na san shi injin ya fi bukata. Galan ba ya ɓoyuwa a jaka, in Yaya ya gani zai tambaya, in ya tambaya sai na faɗa, in na faɗa kuwa a cikin gida zan faɗa, daga ni sai shi, ba ko mutum ɗaya da zai ji.

Matata ta ga jakar ta ce, "Me zai hana ka gaya wa Inna?"

"Ba na son in kunyata Yaya."

"Au, ladabin ne yake sa ka murmushi kai kaɗai kwana biyun nan?"

Na ce ta kawo min abinci, ba hira na zo yi ba.

Ba a kai Juma'ar ba. Ran Alhamis da sassafe Raudatu ta sake bugowa, muryarta ta canza. Ta ce ya daina karɓar kunu tun jiya, in za a zo a zo yau. Inna ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta na unguwa da ɗan ƙulli a hannu. Daddawa ce a ciki, ta kasuwa. Ta ce a kai masa ya ga yadda aka koma saye tunda ya sare ɗorawar gida.

Muka shiga gaba mu uku, Yaya a sitiyari, Inna a tsakiya, ni a bakin ƙofa da jakata a tsakanin ƙafafu. Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, saboda haka duk abin da take so ni take gaya wa. "Muntaka, ka ce a rage gudu." "Muntaka, ka ce a ƙara." Haka muka wuce Dambatta.

Daga nan Yaya ya sauka daga kwalta ya kama wani burji da ya ratsa gonaki, ya ce yanke ne, Baba ma ta nan yake bi. Ba mu yi nisa ba na fara jin abin da nake saurare tun daga gida, wani ƙwas-ƙwas daga can ƙasan inji, yana ƙaruwa in an taka totur.

"Shebur ne a baya," in ji Yaya, ba tare da an tambaye shi ba.

Babu shebur a baya. Ni na share bayan motar da safe.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya motar ta yi tari sau uku, ta yi jijjiga, ta mutu a gefen wata gonar dawa. Yaya ya murza makulli har batir ya fara nishi. Ya fita ya buɗe bonet, ya duba ɗorinsa ya ga yana nan daram, ya jijjiga wayoyi, ya hura tiyo, ya ce ƙila fetur ɗin 'yan bumburutu ne mai ruwa. Robar ce ta ƙarasa yagewa, famfon ya daina turo komai, amma ba a tambaye ni ba tukuna.

Wasu manoma da ke cirar gyaɗa a gonar gefe suka ajiye aiki suka taho, su kusan goma. Mota ta mutu a ƙauye ai kallo ya samu. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, na ji wani daɗi ya taso min tun daga ciki. Abin da na yi mako guda ina jira ke nan. Na sauko a hankali, na buɗe jaka, na zaro sabon famfon yana ƙyalli, na ɗora a kan taya.

"Yaya, ko a ba mai gyaran babura dama ya ɗan gwada?"

Ya matsa gefe.

Ina cikin naɗe hannun riga sai ga wani mai a-daidaita-sahu ya ɓullo, ya sauke kaya a wani ƙauye zai koma Kunci ba kowa a ciki. Ya tsaya ya yi mana sannu, ya leƙa ya ga tsohuwa, ya ce in sauri ake yi ya rage mata hanya. Na ɗauka Inna za ta maimaita masa zancen buhun masara. Sai na ga ta ɗauki ƙullinta, ta matso bakin kujera, ta sauko da ƙafa ɗaya ƙasa. Ta tsaya a haka ta dube ni.

"Muntaka, za ta tashi?"

Na san abin da ke cikin injin nan. Na ji ƙarar da yake yi tun daga Dambatta. Amma in Inna ta tafi, dole ɗayanmu ya bi ta, kuma ni za a ce in bi, Yaya ya tsaya da motarsa. Ko kuma shi ya bi ta, in yi gyaran ba ya nan. Duka biyun ba su yi min ba.

"Minti ashirin, Inna," na ce.

Ta mayar da ƙafarta ciki. Mai a-daidaita ya ce Allah ya kiyaye, ya tafi.

Minti ashirin ɗin a kan gam ɗin Yaya kaɗai suka ƙare, suka kuma ranto wasu. Na yanke tub, na sa kurfi da guduma ina sassaƙar gam kafin in ga kan noti. Ban yi gaggawa ba. Duk ɓallin da ya faɗo sai na ɗaga na nuna wa jama'a, na ce wannan aikin manya ne, a duba da kyau. Da famfon ya fito na kwance shi a gabansu, na zaro robar na ɗaga ta saitin rana, tsagar ta fito ɓaro-ɓaro har yatsana yana shiga. Na tono sabulun daga hujin, na yi musu bayanin da na yi muku ɗazu, har da ƙari. Na ce duk wanda ya toshe hujin nan ya kashe mota da hannunsa. Na zaro sandar gwaji na bi su da ita kowa ya shinshina, na ƙare da Yaya.

"Ga albarkar, Yaya. Fetur ne. A gaya wa Malam Habibullah ya duba injin niƙansa."

Manoma suka kwashe da dariya. Yaya ya cire hula ya riƙe a hannu, yana kallon ƙasa. Ban taɓa ganinsa haka ba, kuma wallahi na ji daɗi.

Sannan na yi aikin yadda ake yinsa, wannan kam ba mai ƙwace min. Na kankare fuskar injin da reza har ƙarfen ya fito fes, don ɓurɓushi ɗaya na tsohon gasket, wato takardar da ke zama tsakanin famfo da inji, ya isa ya sa mai ya riƙa tsatsafowa. Na ɗora kwalin sukari a gindin famfon, na bi gefe-gefe ina ƙwanƙwasawa da bayan sifana har siffar ta yanku da kanta, da ramukan noti da komai. Guda biyu na yanka, domin akwai wani baƙin faifai mai kauri da ke zama tsakanin famfo da inji yana tare zafi, kowane gefensa da nasa gasket. Na shafa musu giris sama-sama da ɗan yatsa. Wani dattijo ya ce ba za a sa gam ba? Na ce fuska biyu in sun yi sumul ba sa bukatar gam, wanda bai yarda da aikinsa ba shi ke lafta gam. Na ce da ƙarfi don kada wani ya ce bai ji ba.

Na sa aka juya injin da hannu a hankali, yatsana a cikin ramin, har na ji tudun da ke tura hannun famfon ya kauce. A nan ake ɗaurawa, in ba haka ba famfon ya zauna a karkace. Na zura hannun ya hau mazauninsa, na kama notin biyu da yatsa, sannan na riƙa ɗaure su bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, har suka zauna daidai. Na mayar da tiyo biyun, na ɗaure bakinsu. A ƙarshe na tsinko karan ciyawa na zura a hujin sabon famfon na zaro, na ce wannan a buɗe ake barinsa, ko yayan mutum ne ya ce a liƙe.

Duk wannan Inna tana cikin mota, ƙulli a cinya. Sau ɗaya kawai ta ce, "Muntaka, rana tana yi." Na ce saura ƙiris. Da na duba agogo ƙarfe ɗaya ta wuce.

Na tsiyaya ɗan fetur a bakin kafireta. Yaya ya miƙo min makulli da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun rasuwar Baba. Murzawa ɗaya ta tashi. Manoma suka yi kabbara. Na leƙa ƙasa na kira su su ma su leƙa, gindin famfo a bushe ƙayau, ba fetur ba baƙin mai. A duk shekarun da na yi ina kanikanci ban taɓa ɗaura famfo mai kyan wannan ba.

Ni na ja motar. Ba mu yi tafiyar da ta kai daga gidanmu zuwa masallacin Juma'a ba, ƙwas-ƙwas ɗin ya koma guduma. Na sassauta totur, na yi addu'ar da na sani. Sai wani ƙara guda ɗaya mai nauyi, motar ta dafe a tsakiyar burji. Na murza makulli, injin ko motsi. Mako guda ƙarafan ciki suna gugar juna da fetur a madadin mai, ga lodin gero, sun cinye juna sun haɗe. Sabon famfo ba ya dawo da wannan, kuma na san haka tun kafin in buɗe jaka.

A nan babu manoma, babu mai kabbara. Dawa ce kawai hagu da dama ta fi mu tsawo. Na zaro waya in kira Raudatu, babu sabis ko ɗigo. Yaya ya tafi da ƙafa neman ƙauye. Ni da Inna muka zauna a inuwar mota, ta yi taimama ta yi azahar a kan mayafinta, ni ma na yi. Bai dawo ba sai wajen ƙarfe uku, da 'yan acaɓa biyu. Inna, mai shekara tamanin da wani abu, wadda ba ta shiga bas, ta kama kafaɗata ta hau babur ba tare da an roƙe ta ba. Na zauna a bayanta na riƙe ta. Ba nauyi gare ta ko kaɗan, ban san ta rame haka ba.

Muna shiga Kunci wayata ta fara ƙara a aljihu, saƙonnin kiran da aka yi ta yi suna shigowa a jere. Ban ciro ta ba. A bakin tasha na hango mai a-daidaitan nan a kwance a kujerar baya, ya ci ya ƙoshi yana sakace. Ya ɗago ya gane mu, ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, Inna, sai yanzu?"

A ƙofar gidan Kawu an shimfiɗa tabarmi. Maza suna dawowa rukuni-rukuni, ƙafafunsu da jar ƙasa, wasu biyu suna jingine makara a jikin katanga. Inna ta sauka daga babur ta tsaya tana kallon makarar. Raudatu ta fito da gudu ta rungume ta tana kuka. Ta ce ana kiran azahar ya cika. Ta ce tun safe ya sa a juya masa shimfiɗa ta fuskanci ƙofa, duk wanda ya ɗaga labule sai ya buɗe ido. Sun yi ta kira ba ta shiga, liman ya ce kada a ajiye shi cikin wannan zafin.

Aka shiga da Inna ciki. Na zauna a tabarma kusa da Yaya muna karɓar gaisuwa. Can ya sunkuyo, idanunsa jajur, ya ce a hankali, "Ni na jawo, Muntaka. Ka ce a je Kano na ƙi." Na ce haka Allah ya ƙaddara. Na bar shi da kayansa, ban rage masa ko kaɗan ba.

Bayan la'asar Raudatu ta leƙo ta ce Inna tana kirana. Na same ta a ɗakin Kawu ita kaɗai, a zaune a gefen shimfiɗar da ba a naɗe ba tukuna. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Na ji wa'azinka a hanya," in ji ta. "Kurmancin nawa bai kai nan ba. Ka ce duk wanda ya toshe hujin nan ya kashe mota."

"Haka ne, Inna."

"Ranar da aka toshe kana ina?"

"Ina wurin."

"Wancan bai sani ba. Kai fa?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Mako guda, Inna."

"Da na sauko da ƙafata na tambaye ka, nan ma ka sani?"

Na buɗe baki in ce ban tabbata ba, in ce inji sai an gwada, in ce wani abu dai irin namu na kanikawa. Ta tsare ni da ido. Na ce, "Na sani."

Ta gyaɗa kai. Ta shafa shimfiɗar da tafin hannu, ta gyara gefen da ya tattare.

"Shekara goma sha ɗaya Mati yana jirana, wannan ni na ja masa, ni zan amsa. Na yau kai ka ja."

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Na daɗe a durƙushe ina jiran ta ƙara wata magana, ko da zagi ne. Ba ta ƙara ba.